Abu Ɗaya da Ya Rage a Jirgin Makau

Ranar Talata da hantsi jirgin Makau ya dawo bakin teku shi kaɗai, babu Makau a ciki. Ba koro shi igiyar ruwa ta yi ba yadda take koro mataccen jirgi. A miƙe ya taho kamar da mai tuƙi, ya ratso tsakanin jiragen mutane bai gogi ko ɗaya ba, ya zo ya kafa hanci a yashi daidai ƙafar Arzika, ƙanen Makau, wanda ya kwana biyu a wurin yana zuba ido.

Su biyun Sarkawa ne daga wata tunga a bakin gulbin Kabi, sana'ar su suka gada kaka da kakanni. Shekarar da gulbi ya janye kifi ya yi wuya, Makau ya tattara ƙanensa suka gangaro kudu har inda ƙasa ta ƙare, suka sayi jirgi mai inji a wani ƙauyen masunta. Makau kuwa irin mutanen nan ne da in suka ce ga gabas, ko rana ta fito ta bayansu ba za su juya ba. Shi ya riƙe Arzika tun rasuwar ubansu, kuma Arzika bai taɓa ce masa a'a ba. Saboda haka da ya ce babba ne ke fara gaisawa da baƙon ruwa shi kaɗai, kamar yadda ake yi a gida, ba wanda ya tsaya yi masa musu. Ya tafi gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙare ba ke nan.

Arzika ya leƙa cikin jirgin. Kaya duk suna nan, an jera su tsaf, taru a naɗe, ƙugiyoyi a saƙale, har hular Makau an ninke an ajiye a kan inji. A goshin jirgin kuma ga wata ƙaguwa zaune, faɗinta ya kai faifai, tana dubansa da idanu a kan tsinke. Ta buɗe baki ta yi masa sallama da Hausa garau.

"Aminci ya tabbata gare ka, ya kai ɗan gulbi. Ni ce jakadiyar Birnin Gishiri. Ɗan'uwanka yana hannunmu. Dokar teku ce tun kafin a sassaƙa jirgin farko, wanda ya shigo mata da ragaggen shiri baƙonmu ne, har sai jininsa ya zo a cikin jirgin da cikakke. Teku za ta cika ta janye sau biyar. In ta yi janyewa ta biyar ba ka iso ba, ya zama ginshiƙi a cikin ginshiƙan birninmu."

Arzika ya amsa sallamar, don ko ƙaguwa ce ta yi sallama ai sai a amsa. Sannan ya tambaye ta abin da ya rage a shirin Makau. Ta ce abu ɗaya ne tak, kuma an hana ta faɗar sunansa. Ya tambaye ta babba ne ko ƙarami, ta ce wanda yake da shi ba ya ganin girmansa. Ya tambaye ta ana sayensa a kasuwa, ta ce wani wuri ana saye, wani wuri ana zubarwa. Nan ya gane maganar ƙaguwa da tafiyarta uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, duk a kaikaice suke.

Akwai wani tsohon masunci a ƙauyen, Baba Satonji, ɗan ƙasar ne, ya iya Hausa saboda ya daɗe yana hulɗa da fataken goro. Shi bai ga ƙaguwa ba, abin da ya gani kawai baƙo ne tsaye yana magana da goshin jirgi, sai tausayi ya kama shi. Ya saurari labarin bai yi dariya ba, ya dubi ruwa ya ce janyewa ta biyar za ta zo ranar Alhamis da la'asar. Ya ce kuma tunda ba a san abin da ya rage ba, sai a ɗauka komai ya rage.

Suka kwashe kaya kaf suka baje a yashi, suka kira mutane aka kifa jirgin. Nan Arzika ya ga abin da ya ba shi tsoro. Ƙusoshin ƙarfen da Makau ya buga da hannunsa sati biyu da suka wuce duk sun yi ja, wasu da ya taɓa sai suka marmashe. A gulbi irin ƙusar nan sai ta shekara goma tana riƙe da katako. Baba Satonji ya ce gishiri ƙarfe yake ci kafin ya ci mutum, sai ƙusar tagulla. Suka cire, suka buga sababbi, suka cusa auduga a duk inda katako ya tsage, suka dafa kwalta suka shafe gindin jirgin. Arzika ya ruga wurin ƙaguwa da murna, hannu duk kwalta, ya ce ya gano abin. Ta ja gefe taku ɗaya ta ce wannan gyara ne mai kyau, amma ba shi ba ne.

Ya koma kan igiyar anga, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Tasu gaba goma ce, wadda a gida ko a gurbi mafi zurfi sai ta yi saura. Tsohon ya yi murmushi ya ce a nan gaba goma ko gaisuwa ba ta yi da ƙasa ba. Aka ƙulla ta kai gaba sittin. Ba shi ba ne. Aka ƙara wa taru dalma don ya nutse, aka canza masa tullunan da ke riƙe bakinsa a saman ruwa, aka ɗinke inda ya yage. Ba shi ba ne. Aka kwance inji aka wanke, aka sa sabon fulogi aka ajiye wani na ko-ta-kwana, aka gauraya fetur da baƙin mai daidai gwargwado, aka cika jarka biyu. Ƙaguwa ta yaba da aikin ƙwarai, sannan ta ja gefe.

Kafin azahar ta Laraba kan Arzika ya gama ɗaurewa. Ya sa rigar ruwa a jirgi, ya sa tocila, ya sa wuƙa biyu, filafili biyu, ƙwaryar kwashe ruwa, gari da ƙuliƙuli da dabino. Ya ɗaura layar ubansu a goshin jirgi. Ya kai ga duk abin da ya gani a jirgin wani sai ya nemo irinsa, har da wani tsohon madubi da bai san amfaninsa ba. Daga baya ya ce ko yanka ake nufi, ya je ya samo farin zakara ya kawo. A nan ne kaɗai ƙaguwa ta yi magana a miƙe.

"Mayar da tsuntsun mutane, ya ɗan gulbi. Ba yunwa ce ta sa muka riƙe ɗan'uwanka ba."

Ya mayar da zakara, ya dawo ya zauna a yashi ya yi kuka, kukan mutumin da ke riƙe da mabuɗai ɗari bai san ƙofar ba. Baba Satonji ya zagaya jirgin sau uku yana taɓa komai, ya rantse cewa shekararsa hamsin a teku bai ga jirgin da ya fi wannan shiri ba, in akwai abin da ya rage to ba kayan jirgi ba ne. Gaskiya ya faɗa. Akwai tambayar da bai yi ba, amma tambaya ce da babu ɗan bakin teku da zai yi wa babban mutum mai gemu.

Lokaci bai jira a gano ba. Alhamis da sassafe aka tura jirgin, Arzika ya tayar da inji, ƙaguwa na gaba tana nuna hanya da ƙafa ɗaya. Ya ce ko ba komai gara ya je ya tsaya a gaban Makau da ragaggen shiri da a ce bai je ba.

Igiyoyi uku suka ɗaga jirgin suka maka shi, ta huɗu ta haɗiye gaɓa. Arzika ya waiga bai ga ƙasa ba, ya duba dama da hagu bai ga itace ko ɗaya ba. Mutumin da duk rayuwarsa da gaɓa biyu yake gane hanya, yau ga shi a ruwan da ba shi da ko ɗaya. Can sai igiyoyin suka tsaya cak, suka daskare jere da jere kamar kunyoyin gona, jirgi yana bi ta kwarinsu, a ƙarƙashi kuma Arzika yana hango wasu dogayen mutane koraye shar suna noma da kawunansu a ƙasa ƙafafunsu a sama. Ɗaya ya ɗago ya yi masa barka da aiki, Arzika ya amsa, bai san ko shi ne a juye ko su ba. Suka wuce nan suka faɗa wani ruwa ja inda kifaye masu fuskar mutane ke cin kasuwa, kowanne yana kiran sunansa da muryar Makau. Ƙaguwa ta ce kada ya amsa. Ya toshe kunne ɗaya da kafaɗa ya ƙara wa inji wuta.

Rana ta take tsaka, maƙogwaronsa ya bushe. Bai ko yi tunani ba, ya sunkuya ta gefen jirgi kamar yadda ya yi sau dubu tun yana yaro, ya kamfato ruwa da tafinsa ya kai baki. Ya furzar har da tari. Ya matsa gaba kaɗan ya sake kamfata, ya sake furzarwa. Sai ya kashe inji.

Ba wai bai san teku na da gishiri ba. Ya ɗanɗana ta a gaɓa tun ranar da suka iso. Amma a gida ma ai ba wanda ke shan ruwan mashaya inda shanu suka dama, tsakiyar gulbi ake zuwa a sha garau. Shi da Makau duk sun ɗauka haka teku take, bakinta ne da gishiri. Bayan haka kuma, a tungarsu abin kunya ne babba masunci ya ɗauki ruwan sha a cikin jirgi. Cewa ake ya zagi gulbi, ya ce masa bai iya saukar baƙo ba, kuma ubansu sai da ya sa su suka yi masa alkawarin ba za su taɓa yi ba. Su kuwa mutanen bakin teku kowa da jarkar ruwansa yake fitowa daga gida a hannu, ba sa ma lissafa ta cikin kayan jirgi. Wa zai tambayi mutum ko ya zo da bakinsa?

Ya dubi ƙaguwa, ta ce yanzu ya sani. Ya ce bari ya juya ya ɗebo, ta ce kafin ya kai gaɓa ya dawo, an gama da ɗan'uwansa. Ya tambaye ta to yaya zai yi. Ta yi wasa da ƙafafunta, sannan ta ce an hana ta ba da shawara, saboda haka ba za ta gaya masa akwai wani tsibiri a hannun hagu ba. Arzika ya tayar da inji ya karya hagu.

Tsibirin dutse ne baƙi, ba ciyawa ba itace, amma cike yake da gajimare a kwance suna tuƙa kamar shanu a mashekari. A tsakiyarsu wani halitta ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, sanda a kafaɗa, gemunsa na ɗigar da ruwa. Makiyayin gajimare ke nan. Ya durƙusa ya tatsi wani baƙin gajimare a tafin hannunsa ya miƙa wa Arzika, ya ce ruwan maraba ba a sayar da shi. Arzika ya sha har ransa ya dawo, sannan ya roƙi wanda zai tafi da shi. Makiyayin ya ce wannan kam sai an saya.

Arzika ya ce ga inji. Makiyayin ya ce in ya karɓa, shirin jirgi ya sake raguwa. Ya ce ga taru, amsar ɗaya ce. Ya ce ga dabino, ga tocila, ga madubi, duk dai kayan jirgi ne, in aka cire ɗaya an koma gidan jiya. Arzika ya ji kamar kansa zai tsage, ga jirgi maƙil da kaya amma ba shi da abin da zai bayar.

"Kana da abin da ba a cikin jirgi yake ba," in ji makiyayin. "Gulbinku ya san ka tun ranar da aka wanke ka a cikinsa. Ka ba ni wannan sanin, ya ɗan Adam, in ba ka goran ruwa guda, rabon cikin mutum ɗaya. Ka yi tunani, domin abin da na karɓa ba na mayarwa."

Arzika bai fahimci abin da ake saye daga gare shi ba. Ya dubi rana ya ga ta karkata, ya ce ya bayar. Makiyayin ya shafi goshinsa da yatsa mai sanyi, ya miƙa masa goran. Bai ji komai ya fita daga jikinsa ba, har ya ɗauka ya yi cinikin riba.

Gab da la'asar Birnin Gishiri ya taso daga cikin ruwa, fari fat har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Jirgi ya shige ta ƙofa ya bi wani titin ruwa, dama da hagu ginshiƙai ne ke riƙe da soraye. Da Arzika ya duba da kyau sai ya ga kowane ginshiƙi mutum ne, wani da filafili a hannu, wani da baki a buɗe, ƙabilu iri-iri. A bakin fada wani siririn aljani mai yatsu goma sha biyu ya tare su, shi ne mai duba jirage. Ya taɓa ƙusa, ya ja igiya, ya shinshina fetur, ya ɗaga madubin ya juya shi ya ajiye. Da ya zo kan goran ya girgiza shi ya ji a cike, sai ya sunkuyar da kai.

"Shiri ya cika. Ga ɗan'uwanka can a ƙarshen layi. Ruwan nan ta maƙogwaronsa zai bi kafin teku ta gama janyewa, in ba haka ba cikar shirinka ba ta amfane shi ba."

Makau na tsaye a ƙarshen layi, gishiri ya cinye shi daga tafin ƙafa har wuya, kai kaɗai ya rage, leɓɓansa sun tsattsage. Arzika ya yi tsammanin zai yi murna. Makau ya bi jirgin da ido daga goshi har inji, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne tambayar wanda ya canza masa ƙusoshi ba da izninsa ba. Arzika ya ba shi haƙuri, ya cire marfin goran ya kai bakinsa. Makau ya kau da kai.

"Mi kaz zo da shi cikin goran ga?"

"Ruwa na, Yaya. Sha, lokaci ya ƙure."

"Cikin jirgi kaɗ ɗauko shi?"

Arzika ya sake matso masa da goran.

"Ruwan da anka ɗauko cikin jirgi, ni Makau in sha? Alkawarin da munka yi ma Baba hwa? Mai da abinka."

Arzika ya yi magiya, ya ce nan ba gulbi ba ne, ubansu bai taɓa ganin teku ba, da ya gani da bai sa su alkawarin ba. Makau ya ce ruwa duk ruwa ne, alkawari kuma ba ya canza gari. Ruwan titin yana ja da baya, gindin jirgi ya fara gogar ƙasa, gishirin kuma ya hau haɓar Makau yana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Arzika ya dubi ƙaguwa, ta juya idanunta wani wuri. Ya dubi mai duba jirage, shi ma ya duƙufa kan ƙirga yatsunsa. Tsoro ya kama shi iri biyu, tsoron rasa wansa da tsoron saɓa masa, kuma duk tsawon rayuwarsa na biyun ne ya fi ƙarfi.

"Ka gahwarce ni, Yaya," ya ce.

Ya sa yatsu biyu ya matse hancin wansa kamar yadda ake yi wa yaron da ya ƙi magani. Makau ya zaro ido, ya riƙe numfashi iya ƙarfinsa, amma mutumin da hannayensa gishiri ne ba shi da abin ture kowa. Da ya buɗe baki neman iska, Arzika ya kafa masa goran bai ɗaga ba sai da ya ga gindinsa.

Gishirin ya tsattsage ya zube kamar busasshen laka. Hannun da ya fara kwancewa, mari Makau ya kai wa ƙanensa da shi. Na biyun kuwa wuyan Arzika ya riƙe da shi, don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Haka suka faɗa cikin jirgi tare, igiya ta ƙarshe ta fitar da su daga ƙofar birni. Da suka waiga babu birni, babu ƙaguwa.

Makau bai yi wa ƙanensa magana ba har suka taka yashi, da ya yi kuma cewa ya yi ruwan da ba ya shayar da baƙonsa ba ruwan zama ba ne. Suka bar wa Baba Satonji jirgin ya nemi mai saye, suka kama hanyar gida. Sun tarar damina ta yi kyau, gulbi ya cika ya batse, kifi ya dawo. Washegari suka shiga tsohon kwalekwalensu suka tura har tsakiya. Makau ya sunkuya ya sha, ya sha, ya yi ajiyar zuciya, hawaye na bin gemunsa. Arzika ma ya sunkuya ya kamfata ya kai baki.

Gishiri ne, ya fi na teku ɗaci. Ruwan da wansa ke sha garau a gefe guda, shi a bakinsa gishiri ne. Sai a lokacin ya gane abin da ya sayar, kuma baƙin ciki ya cika shi irin wanda bai ji ba ko ranar da jirgi ya dawo babu kowa.

"Ka ji ruwan gida?" in ji Makau. "Wanga shi na ruwa."

Arzika ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce ya ji.

Bai taɓa gaya wa wansa ba, kuma bai taɓa ɗaukar gora a jirgi a gabansa ba. Kullum sai ya sha ruwan rijiya ya ƙoshi kafin su fita, ya yini a kan gulbi rana na dukansa bai kai hannu ruwa ba, har su dawo. Makau kan yi masa tayi, ya ce ya ƙoshi. Mutanen tunga kuwa har suka tsufa tare cewa suke ba su ga mai yawan azumin nafila kamar Arzika ba.